Shekara huɗu ina riƙe wa ɗan majalisa fayil

A watan Oktoban 2019 na tafka kuskuren da har yau idan na tuna shi sai na ji kunya ta rufe ni. Ban fi wata uku da fara aiki da wani ɗan Majalisar Wakilai a Abuja ba, ga shi lokacin kare kasafin kuɗin 2020 ya zo, kowa na gaggawa saboda majalisa ta ƙudiri aniyar mayar da kasafi kan tsarin Janairu zuwa Disamba. Maigidana ya miƙo mini takardun wata hukuma ya ce in fitar masa da tambayoyi. Na kwana a ɗakina na Mararaba ina lissafi da fitilar waya. Na ga an rubuta musu maƙudan kuɗi a kasafin da ke ƙarewa, na ga aikin da suka yi bai kai rabi ba. Na ja layi da jan biro: ina sauran kuɗin?

Washegari Honarabul ya jefa tambayar da ƙarfinsa, ga 'yan jarida a tsaye. Shugaban hukumar bai ko ɗaga murya ba. Ya buɗe wata takarda ya ce, ranka ya daɗe, abin da kuka amince mana daban, abin da aka sakar mana daban, kuma ko rabi bai shigo asusunmu ba. Ɗakin ya yi tsit. Maigidana bai waiwayo ya kalle ni ba, kuma da ya waiwayo ɗin da ya fi mini sauƙi.

Bayan an tashi, wani dattijon ma'aikacin kwamiti, wanda duk muke ce wa Baba, ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗana, kasafi alkawari ne, ba kuɗi ba ne. Lamba uku za ka riƙa nema: abin da aka ware, abin da aka saki, da abin da ya shiga hannun mai shi. Ta farko kowa ya san ta. Ta biyu sai ka bi ofishin Akanta Janar. Ta uku kuwa, sai ka sa takalminka."

Ta biyun ban sha wahalar koyonta ba, aikin takarda ne, kuma ni lissafi na karanta. Ta ukun ce ta cinye mini sauran shekarun.

A takarda, majalisa ba ta rasa ƙarfi ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya hana a taɓa kuɗin gwamnati sai da amincewarta, sashe na 88 da na 89 kuma sun ba ta ikon bincike da kiran kowa ya zo ya yi bayani. Sanata 109 da wakili 360, ga kwamitoci birjik, ga kwamitin bin diddigin kuɗaɗen gwamnati da bisa al'ada ɗan adawa ke shugabanta. Sai dai wannan kwamiti da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya yake aiki, rahoton kuma yakan iso ne bayan shekaru. Na sha zama a bayan ɗaki ina jin ana tuhumar sabon shugaban hukuma kan kuɗin da aka kashe tun kafin a naɗa shi. Ihu bayan hari ke nan.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne kuɗin tallafi. Tun 2016 gwamnatin Buhari ta ware naira biliyan 500 a kasafi domin shirye-shiryen tallafa wa jama'a: N-Power mai biyan matasa masu digiri naira 30,000 a wata, ciyar da 'yan firamare a kan naira 70 kowane yaro, rancen TraderMoni na naira 10,000, da kuma naira 5,000 a wata ga gidaje mafiya talauci, wadda akan haɗa ta wata biyu a biya 10,000. Har dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da aka dawo da su daga Suwizalan an ce a wannan rabon za a zuba su. A ɗakin kwamiti duk waɗannan jimla ce. A ce gida miliyan kaza sun amfana, a gyaɗa kai, a wuce shafi na gaba.

Ni kuwa ina da gwaggo a ƙauye. Mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki uku, sana'arta ƙuli-ƙuli. Tun da ta ji ina aiki a majalisa, duk Juma'a sai ta ari wayar maƙwabci ta kira ni. "Ɗan nan, an ce ana rabon kuɗi a filin firamare. An kira sunan wance da wance, ni ba a kira ni ba. Ba ka ga sunana a can ba?" A tunaninta akwai wani babban littafi a Abuja da zan buɗe in duba. Abin dariya ne da farko, har na lura cewa tambayarta ta fi duk waɗanda nake rubuta wa maigidana nauyi. Wa ke cikin jerin, wa ba ya ciki, kuma wa ya rubuta?

Da na bi sawu sai na gane yadda aka tsara rajistar gidajen da ake ba tallafin. Ana fara zaɓar ƙananan hukumomi mafiya talauci, a shiga gari a tara mutane su faɗi abin da suke kira talauci a wurinsu, su ambaci gidajen da suka fi kowa shiga wannan hali, sannan ma'aikata su bi gida-gida su ɗauki bayanai. Tsarin a kansa ba laifi. Amma wanda ya taɓa zama a taron ƙauye ya san su wa ke magana, su wa ke zaune a bayan zana. Matar da ba ta da namijin da zai tsaya mata, ko wadda ta tafi biki ranar da aka zo, ko mai jin nauyin a kira gidanta gidan talauci a gaban surukai, duk suna iya faɗuwa. Babu takardar da za a kawo Abuja da za ta nuna wannan.

A watan Afrilun 2020, ana tsakiyar kullen korona, shugaban Majalisar Dattawa Ahmad Lawan da kakakin Majalisar Wakilai Femi Gbajabiamila suka zauna da ministar jinƙai Sadiya Umar Farouq, suka nuna rashin gamsuwa da yadda ake tantance masu cin gajiyar tallafin. Na ji daɗi ranar, na ce an zo wurin. To amma na riga na san wani abu game da ofisoshinmu da ya rage mini murna.

Wayar ɗan majalisa ba ta hutawa. Kuɗin asibiti, kuɗin makaranta, suna, jana'iza, buhun shinkafar azumi. Mutanen mazaɓa ba sa kiransa su ce me ka gano a binciken hukuma kaza, sai dai su ce sa mini yarona a N-Power. Ni da kaina na riƙe wani littafi mai bangon kore da sunayen masu neman gurbi suka cika shi. Wanda zai zauna da safe ya titsiye hukuma kan yadda take zaɓen mutane, shi ne da yamma yake neman alfarmar a saka masa nasa. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Ban ce kowa haka yake ba, na ga waɗanda suka ƙi, amma na ga yadda mutanensu suka riƙa yi musu gorin cewa ba su kawo komai gida ba. Laifin ba na gefe ɗaya ba ne, har da mu masu kiran waya.

Ziyarar gani da ido ma akwai abin dubawa a cikinta. Idan wanda za ka je bincika shi ya turo mota, shi ya zaɓi makarantar da za a kai ka, to yara za ka tarar sun ci ƙwai ranar. Sau ɗaya na roƙi maigidana ya bar ni in koma ni kaɗai bayan mako biyu, a motar haya. Wata mai dafa abinci ta zaunar da ni a ƙofar gidanta ta yi mini lissafin naira 70 da farashin mudun shinkafa da manja da itace. Lissafin da ya fi duk wanda na gani a allon kwamiti tsabta. Ta ce in kuɗi ya makara, tukunya ma makara take yi.

Na bar aikin a watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Daga waje na kalli sauran. Aka ce za a ba da tallafin naira 8,000 a wata ga gida miliyan 12, jama'a suka yi ca, aka koma 25,000 na wata uku ga gida miliyan 15. Majalisar tattalin arziki ta ƙasa, inda gwamnoni ke zama, ta ce ba ta yarda da sahihancin tsohuwar rajistar ba. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan wata takardar neman a biya naira miliyan 585, kuma takardar a kafafen sada zumunta ta fara yawo, ba daga ɗakin wani kwamiti ta fito ba. Bayan wata biyu Majalisar Dattawa ta dakatar da Sanata Abdul Ningi na wata uku saboda abin da ya faɗa wa sashen Hausa na BBC kan kasafin 2024. Rigimar Ningi duk kan lamba ta farko ce, wadda Baba ya ce kowa ya san ta.

Yanzu a wani kamfanin binciken kuɗi nake aiki a Wuse, kuma duk takardar da ta zo gabana sai na ja layi uku a gefenta kafin in fara karantawa. Abokan aikina sun ɗauka wata dabara ce ta makaranta.

Da Sallar da ta wuce na je gida. Gwaggo ta fito da wata leda daga ƙarƙashin katifa, ta kwance, ga takardar NIN ɗinta da ta yi tafiyar kwana ɗaya ta yanko, don an ce yanzu sai da ita da asusun banki ake biya. Ta miƙo mini da hannu biyu ta ce in tafi da ita Abuja in ba su. Na ce mata, Gwaggo, ai na bar majalisa. Ta ce to ba komai, in riƙe dai, ko zan haɗu da wani a hanya.