Baghrir ɗina ya buɗe ramuka a gwaji na biyar

'Yan'uwa masu koyon girkin Maroko, yau dai Allah ya yi. Baghrir ɗina, wato wainar semo ta Maroko mai kama da sinasir, ya huda tun daga gefe har tsakiya. Ina tsaye a gaban kasko ramukan suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, sai da na ƙwala wa ƙanwata kira ta zo ta gani da idonta.

Sau huɗu ina yi yana ƙi. Gefe ya yi huji-huji, tsakiya ta toshe ta yi danƙo, in ka gutsura sai ka ji ɗanyen ƙullu. Kilo 2 na garin semo ya tafi a haka, ga gas. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zumar da na narka da man shanu a gwaji na biyu tun kafin in fara suya. Da na zuba a kai sai ta gangare cikin faranti don babu ramin da zai riƙe ta. Zuma ta gaske kun san kuɗinta yanzu. Kuma ramukan nan su ne baghrir, shi ya sa ake masa kirari da mai ramuka dubu.

Da farko yis na zarga, na sayo sabo, babu canji. Ashe hannuna ne ya saba da masa da sinasir. Ina dama ƙullun da kauri irin na masa, alhali na baghrir so ake ya tsinke, ya zubo daga ludayi ya baje da kansa ba tare da an taɓa kasko ba. Iskar da yis da bakin hoda ke samarwa dole ta keto ƙullun ta fashe a sama kafin saman ya bushe. In ƙullun ya yi nauyi sai ta maƙale a ciki.

Sannan ga garin. A Maroko da lallausan semolina suke yi, namu na tuwo kuwa wanda na samu yana da tsaki-tsaki. Ko bayan na gyara hannu ina haɗawa da kauri daidai, amma kafin ya gama tashi garin ya shanye ruwan ya koma kamar koko mai kauri. Wannan ne ya daɗe yana ɓoye mini. Yau sai na niƙa shi busasshe a bulanda, na tankaɗe da rariya mai laushi. Kofi 2 na semo, rabin kofi na fulawa, ƙaramin cokali 2 na yis, gishiri da sukari kaɗan, ruwa mai ɗumi kofi 3. Na markaɗa minti 3 cur, bakin hoda ƙaramin cokali 2 a ƙarshe, na rufe minti 20. Da na buɗe ya yi kumfa amma ya ɗan kama jiki, na ƙara kusan rabin kofin ruwan ɗumi na juya a hankali.

Murfi ma na cire. Sinasir muna rufe shi ya dahu da tururi, to shi wannan tururin jiƙa samansa yake yi. Ba murfi, ba juyawa, ba mai a kasko sai ɗan shafawa sau ɗaya da farko. Wuta matsakaiciya, in saman ya daina sheƙi ya dahu. Na uku ya so ya ƙone a ƙasa, sai na riƙa tsoma gindin kaskon a roba mai ruwan sanyi bayan kowane ɗaya, komai ya daidaita. Na jera su a kan tsabtataccen ƙyalle, don da zafinsu in aka ɗora wani kan wani mannewa suke.

Guda 14 na samu, 11 babu abin kushewa. Muka ci da shayi mai na'ana'a, zumar ta shige kowane rami har ƙasa. Su can Maroko da azumi suna ajiye shi kusa da miyar harira a shan ruwa, ni ma haka nake so in yi bana.

Saura matsala ɗaya: ukun ƙarshe sun ɗan yi tsami kuma ramukansu manya ne warwatse, ina jin ƙullun ya wuce tashi saboda zafin kicin ɗina. Wadda ta taɓa raba ƙullun biyu ta sa rabi a firij kafin ta gama suyar farko, don Allah ta faɗa mini yadda ya fito mata.