Matsin abokai a makaranta: yadda yake aiki da inda ake kuskuren magance shi

Iyaye da malamai da yawa suna zaton matsin abokai shi ne wani yaro ya tsare ɗan'uwansa ya ce masa "sai ka yi". Hakan na faruwa, amma abin da ya fi yawa ba a furta shi. Ɗalibi ya san amsar tambaya, ya fara ɗaga hannu, ya waiga ya ga 'yan layin baya sun zuba masa ido, sai ya mayar da hannun ya sosa ƙeya. Babu wanda ya ce masa uffan. Idon tsaransa kawai ya isa, kuma duk maganin da bai yi la'akari da wannan idon ba, ba zai je ko'ina ba.

A 1951 masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya nuna wa ɗaliban jami'a a Amurka layi guda, ya ce su zaɓi wanda ya yi daidai da tsawonsa cikin layuka uku. Amsar a fili take. Sai dai an haɗa baki da sauran mutanen ɗakin su riƙa ba da amsar da ba daidai ba. Kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun bi taron aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu na gaya musu akasin haka. Abin da ya fi amfani ga malami shi ne sakamako na biyu: da aka samu mutum ɗaya tak a ɗakin da ya faɗi gaskiya, bin taron ya ragu matuƙa. Yaro ba ya buƙatar aji duka ya goyi bayansa. Aboki ɗaya ya ishe shi.

Shekaru ma suna da tasu rawar. Masanin halayyar matasa Laurence Steinberg da abokan aikinsa sun sa matasa da manya wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda mutum zai zaɓi ya taka birki ko ya keta fitilar hanya. A binciken da suka fitar a 2011, abokan matashin suna wani ɗaki suna kallo, ba sa gaya masa abin da zai yi. Duk da haka kasadarsa ta ƙaru, sashen ƙwaƙwalwa mai jin daɗin lada kuma ya ƙara motsi. Manya ba su canza ba. Ƙarfin ƙin bin abokai yana ginuwa ne galibi tsakanin shekara 14 zuwa 18, sashen gaban ƙwaƙwalwa mai auna sakamako kuwa sai an haura shekara 20 yake gama nuna. Don haka yaron da yake da hankali a gida ya yi shirme a cikin abokai ba munafunci yake yi ba.

A kan karatu, ɓarnar ta fi zuwa ta hanyar ɓoye ƙoƙari. A wasu makarantun sakandare na jihar Kalifoniya ta Amurka an raba wa ɗalibai takardar shiga darasin share fagen jarrabawar jami'a kyauta. An gaya wa wasu cewa 'yan ajinsu za su san wanda ya rubuta suna, wasu kuma aka ce sirri ne. A ajujuwan gama-gari, masu rubuta suna sun ragu da kashi 11 cikin 100 idan za a sani. A ajujuwan haziƙai ba a ga wannan raguwar ba. Darasi ɗaya ne, kyauta ɗaya, abin da ya bambanta shi ne wanda ke kallo.

Daga nan aikin malami ya fito. Duk abin da ya shafi neman taimako, kamar ƙarin darasi ko ganin mai ba da shawara, a yi rajistarsa a asirce. Kafin a ce a ɗaga hannu, a ba kowa minti ɗaya ya rubuta amsarsa, domin wanda ya riga ya rubuta yana da wuya ya sauya don ya ji na wani. A daina karanta maki a bainar aji. Aikin rukuni kada ya wuce mutum uku ko huɗu, kowa da nasa ɓangaren, malami ne kuma zai raba su. Idan suka kai bakwai, biyu ne za su yi aikin, sauran su koyi cewa zaman kashe wando ma yana kawo maki.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne tara yara masu matsala wuri ɗaya, a aji ɗaya ko ɗakin horo ɗaya, da sunan gyara. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Masanin halayyar ɗan Adam Thomas Dishion da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa irin wannan haɗin yana iya ƙara lalata su: ɗaya ya ba da labarin karya doka, sauran su fashe da dariya, dariyar ta zama lada. Gara a rarraba su cikin masu natsuwa, a ba kowannensu wani aiki da zai sa a gan shi da mutunci.

Ana iya juya tasirin ya yi amfani. A wani gwaji a makarantu 56 na jihar New Jersey ta Amurka, an tambayi ɗalibai da wa suka fi zama a 'yan makonnin nan, aka gano waɗanda ake sauraro, aka bar wasu ɗalibai su tsara yaƙi da cin zali da kalmominsu. Rahoton rigingimu ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a shekara guda, kuma ya fi raguwa inda masu faɗa-a-ji suka fi yawa a cikin tawagar. A lura, wanda ɗalibai ke sauraro sau da yawa ba shi ne shugaban aji da malamai suka naɗa ba.

Akwai kuma zaton "kowa yana yi". Ɗalibai kan ɗauka cewa tsaransu sun fi su amincewa da shaye-shaye ko satar amsa, alhali da yawa a zuci ba sa so. Malamin da ya tsaya yana cewa "duk kun lalace" yana ƙarfafa wannan zaton ne. Ya fi kyau a raba tambayoyi ba tare da rubuta suna ba, a sanar da ajin adadin waɗanda ba sa yi.

A gida, alamomin da za a sa wa ido su ne faɗuwar maki farat ɗaya, sababbin abokai da ba a son a san sunansu, neman kuɗi babu bayani, da kwana a kan waya. Cewa "ka rabu da wane" ba kasafai yake aiki ba, abotar ce kawai take komawa ɓoye. A gayyato abokan gida a san su. A yi magana kan abin da aka aikata, kada a zagi abokin. A shirya wa yaro mafita tun kafin ya shiga tsaka mai wuya: gajeriyar magana da ya saba faɗa, kamar "ni ba na yi, ku ci gaba", da wata kalmar sirri da zai turo ta waya a kira shi a ce ya dawo gida yanzu. Sharaɗin shi ne a ranar ba za a yi masa faɗa ba, sai gobe a zauna a tattauna. Idan aka yi masa faɗa a karon farko, ba zai sake turo kalmar ba.