Alkawarin da alƙalami ɗaya ya warware

Ranar 8 ga Mayu, 2018, ina teburin mai shayi, rediyo na rataye jikin ƙusa, aka ce Trump ya fitar da Amurka daga yarjejeniyar nukiliyar Iran. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "To, ashe alkawarin na mutum ɗaya ne?"

Tambayar ta tsaya mini a rai. A 2015 aka ƙulla yarjejeniyar a Viyana, zamanin Obama, da hannun Rasha, Sin, Birtaniya, Faransa da Jamus. Iran ta yarda ba za ta tace yuraniyom, ma'adinin da ake haɗa makamashi da makaman nukiliya da shi, fiye da kashi 3.67 cikin ɗari ba, ita kuma a sassauta mata takunkumi. Sai dai Majalisar Dattawan Amurka ba ta taɓa tabbatar da ita ba, shi ya sa sabon shugaba ya janye ƙasarsa daga ciki da sa hannu kawai.

Zuwa 2021 Iran ta kai kashi 60. Biden ya yi ta zawarcin komawa, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Abin da ya fi ba ni mamaki Saudiyya ce. Ita da ta yi murnar ficewar Trump, ita ce ta tafi Beijin a Maris 2023 ta sasanta da Iran, Sin na tsakiya.