Hotunan mara lafiya ɗaya, lissafi biyu

Aikina shi ne lissafa yawan rediyeshin da sassan jiki ke sha bayan an yi wa mai ciwon daji allurar lutitiyam-177, wani sinadari mai fitar da rediyeshin. Yadda aka saba bayar da maganin ga masu irin ciwon da ake kira niyuro'endokirin shi ne gigabekerel 7.4 (ma'aunin ƙarfin sinadari mai fitar da rediyeshin) a kowace allura, sau huɗu, da tazarar mako takwas, kuma kowa ana ba shi adadi ɗaya. Abin da ƙodar kowane mutum ke sha daga wannan adadin kuwa ya bambanta, shi ya sa muke ɗaukar hoton SPECT/CT (SPECT yana nuna inda maganin ya taru, CT kuma yana nuna siffar sassan jiki) sau da dama bayan allurar domin mu bi yadda maganin ke fita.

Wata rana ni da abokiyar aikina muka ɗauki hotunan mara lafiya ɗaya, kowa ya yi nasa lissafin, sai sakamakonmu na ƙodar hagu ya yi hannun riga, har na fara zargin cewa ɗayanmu ya buɗe fayil ɗin wani. Muka zauna muka bi aikin daki-daki, kuma babu wanda aka samu da kuskuren lissafi.

Bambanci na farko ya fito ne daga zanen iyakar ƙodar. Ni na bi gefenta daidai yadda ya fito a hoton CT, ita kuma ta faɗaɗa nata zanen kaɗan, domin hoton SPECT dishi-dishi yake, wani ɓangare na hasken ƙodar yana malalowa waje da ainihin iyakarta. Wanda ya yi zane matsattse irin nawa dole ne ya ƙara gyara domin mayar da abin da ya zube, ni kuwa na yi amfani da adadin gyaran da aka auna da ƙwallo mai siffa zagayayya, alhali ƙoda ba haka take ba.

Na biyun shi ne ya fi tayar mini da hankali. Mara lafiyar bai samu zuwa hoton ƙarshe na kwana bakwai ba, saboda haka hotunanmu sun tsaya a awa 96, kuma dole ne mutum ya ƙiyasta abin da ya faru bayan nan. Lutitiyam-177 yana rasa rabin ƙarfinsa a cikin kimanin kwana 6.6, wato kusan awa 160, amma ƙoda tana fitar da maganin ta fitsari, don haka raguwar da ake gani a cikinta takan kai rabi a wajen awa 50. Abokiyar aikina ta ɗauka cewa bayan hoton awa 96 raguwar ƙarfin sinadarin da kansa ce kaɗai ke aiki, domin ta tsaya a ɓangaren taka-tsantsan, ni kuma na ci gaba da layin da hotunan suka nuna. Wannan zaɓi kaɗai ya sa wutsiyar lissafinta, wato abin da ta ƙiyasta bayan awa 96, ta ninka tawa kusan sau uku, kuma manhajar lissafin ba ta nuna wa kowannenmu alamar cewa ya yi wani zaɓi ba.

Abin ya shafi mara lafiya kai tsaye, domin ana yawan kwatanta jimillar abin da ƙoda ta sha da iyakar Gy 23 (Gy shi ne ma'aunin rediyeshin da sashen jiki ya sha), ɓargo kuma da Gy 2. Ita kanta iyakar ƙodar an aro ta ne daga gashin da ake yi da na'ura daga wajen jiki, inda rediyeshin ke shiga cikin mintuna, ba a hankali cikin kwanaki ba, kuma a ganina bai kamata a riƙe ta kamar yankan wuƙa ba. Duk da haka likita lamba yake nema, kuma da lambar abokiyar aikina ce kaɗai ta isa gabansa, da wataƙila ya yi shakkar bayar da allura ta huɗu.

Tun daga nan muka rubuta hanya ɗaya ta zane da ta ƙiyasin wutsiya, muka sake auna na'urar SPECT da kwalba mai sanannen adadin lutitiyam, kuma na daina miƙa lamba tsirara. Kowane rahoto nawa yanzu yana ɗauke da lokutan da aka ɗauki hotuna, da hanyar da na bi, da kason sakamakon da ya fito daga ƙiyasi bayan hoton ƙarshe. Idan kason ya yi yawa, nakan roƙi a kira mara lafiya ya dawo a rana ta bakwai kafin in sa hannu.