Yadda muke haɗa dattawa da yara masu buƙatar kulawa a Amurka

Ina kula da dattawa 'yan sa kai a wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta a Amurka, wadda ke tafiyar da shirin Foster Grandparent a yankinmu. An kafa shirin a 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, yanzu yana ƙarƙashin AmeriCorps Seniors, sashen dattawa na hukumar aikin sa kai ta tarayya. Gwamnatin tarayya ke ba da mafi yawan kuɗin, ƙungiya kuma ta nemo kashi 10 cikin 100 daga wani wuri. Muna ɗaukar masu shekara 55 zuwa sama, galibinsu mata, mu haɗa kowace da 'yan yara ƙalilan waɗanda karatu ya yi wa nauyi, ko masu naƙasa, ko waɗanda babu kwanciyar hankali a gidajensu. A makarantu da cibiyoyin Head Start (shirin share fagen makaranta na yaran marasa ƙarfi) suke haɗuwa, yaran kuma kaka suke ce musu.

Wadda kuɗin shigarta bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya ba tana samun alawus na dala 4 a kowace awa. Ba albashi ba ne, ba a cire masa haraji, kuma dokar 1973 da shirin ke ƙarƙashinta ta hana a lissafa shi wajen rage wa mutum tallafin abinci ko na gida. Sai dai ba kowane ma'aikacin jin daɗin jama'a ne ya san haka ba. Shi ya sa tun ranar farko muke ba kowace kaka wasiƙa mai ɗauke da wannan bayani ta ajiye a jakarta, domin tsoron rasa tallafi na sa wasu janyewa kafin su fara.

Kafin ta shiga aji sai an duba sunanta a rajistar masu laifin lalata, an binciki tarihinta a jiha, an aika zanen yatsunta ga FBI. Nan ake samun jinkiri. Zanen yatsun tsofaffi yakan shafe, musamman waɗanda suka yi shekaru suna wanki da goge-goge, sai na'ura ta ƙi karɓa. Muna ce musu su riƙa shafa mai a hannu na 'yan kwanaki kafin ranar, mu kuma mu fara tun lokacin hutu, kada a buɗe makaranta ana jiran sakamako.

Horo awa 20 ne a farko, sai awa 24 a kowace shekara. Abin da muke nanatawa: ba a kai yaro gida, ba a ba shi kuɗi ko lambar waya, ba duka ba tsawa, ba wa'azin addini. In ta ga tabo a jikinsa ko ya faɗi abin da ya ɗaga mata hankali, ta sanar da hukumar makaranta da mu a ranar, kada ta ce za ta sasanta da iyaye da kanta. Wannan na ƙarshe ya fi yi musu wuya, don sun saba da rufa asirin gida.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne cikin aji. Kowane yaro yana da rubutaccen tsari da malamarsa ta sa wa hannu: abin da yake buƙata, abin da kakar za ta yi da shi, da abin da ake sa ran gani. Amma malama mai yara da yawa ta samu babba a ajinta, sannu a hankali sai kaka ta koma yanka takardu, goge tebur, raka yara bayan gida. Ita kuma kunya ba za ta bar ta ta ce a'a ba. Wata biyu sai ka tarar yaron da aka kawo ta dominsa bai samu ko minti goma nata ba a rana, ga shi ƙa'idar shirin ta hana ɗan sa kai ya maye gurbin ma'aikaci. Don haka nakan leƙa aji ba tare da sanarwa ba, in tambayi kakar sunan yaronta da abin da suka karanta a makon. In ta yi jim, da malamar zan zauna, ba da ita ba, mu buɗe yarjejeniyar da makarantar ta sa wa hannu. A ganina wannan ziyara ta fi duk takardun rahoton da muke cikawa amfani.

Ƙa'ida ta yarda da awa 5 a mako zuwa 40, amma ba na son sabuwa ta fara da yawa. Yaron da manya suka sha yi wa alkawari suna saɓawa yana lura da ranar da ba ta zo ba, don haka gara kwana uku tabbatattu da biyar masu fashi. Yawancin fashin ma daga sufuri ne da ganin likita, shi ya sa muke neman makarantar da ke kan layin bas ɗinta, mu biya kuɗin mota a kan lokaci.

Yaran da ke hannun riƙo ko gidajen marasa matsuguni sukan tashi dare ɗaya ba sallama. Kakar takan shiga damuwa sosai, wata har ta ce ta daina. Muna kiranta a ranar, mu bar ta ta yi magana a taron wata-wata tare da 'yan uwanta, kuma ba ma haɗa ta da wani yaron sai ta ce ta shirya.