Tallar man kaɗen Hajiya

Yau a kasuwar Nima da ke Accra, Hajiya mai man kaɗe ta miƙo mini wayarta, ranta a ɓace. An ƙi karɓar tallar man kaɗenta a intanet, don ta rubuta cewa yana warkar da kyasbi, dokar dandalin kuwa ta hana alkawarin warkarwa. Ta ce, "Ɗana, da shi kakata ta rene mu a Tamale. Ni zan yi ƙarya?" Wallahi jikina ya yi sanyi. Na san tsakani da Allah take magana, amma da irin wannan alkawarin masu maganin bogi suke cutar talakawa.

Muka cire batun warkarwa, muka sa asalin man da farashinsa, muka sake turawa a duba. Abin da ke damuna, har na tafi gani take an ƙaryata ta.