Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Zazzaɓin da Ya Tarar da Jinina a Ƙasa

A makon jiya na tsaya inda na dawo daga Yamai bayan shimiyo na uku, wato maganin ciwon daji da ake ba ni. Watan Disamba ne na 2020, hunturu ya sauko Damagaram da ƙarfinsa, hazo ya lulluɓe duwatsun Birni har da tsakar rana. Tafiyar kilomita kusan 900 a mota ta gama tsotse ni, ga gashi ya zube, ga baki duk miki.

Kwana tara da shan maganin, aka yi sunan ɗan ƙanwata a Zango. Tun a Yamai an ja min kunne cewa tsakanin kwana 7 zuwa 14 ne jini ke kaiwa ƙasa, in guji taro. To amma uwa ɗaya uba ɗaya, da wane bakin zan ce ba ni zuwa? Na ɗaura kallabi na tafi. Takunkumi na cikin jakata, kunya ta hana ni sa shi, kada a ce ina ƙyamar dangi. Ɗaki maƙil da mata, an toshe taga saboda sanyi, turaren wuta na tashi, wasu na ta tari cikin mayafi. Har yau ina jin zafin wannan shawara da na yanke.

Bayan kwana huɗu, da la'asar, jikina ya ɗauki rawar ɗari. Na ce wa Malam ya miƙo min parasitamol in kwanta. Ya ɗauko ma'aunin zafi, ya nuna 38.6.

"Ba ki shan komai," in ji shi. "Sun ce da ya kai 38 a taho, ko da tsakar dare ne. Tashi mu je."

A asibiti aka ɗebi jini aka kai labo, gwajin ƙirga ƙwayoyin jini da ake ce wa NFS, aka kuma zura min ɗan tsinke a hanci. Korona ce. Amma likitan bai daɗe kan wannan takarda ba, ta jinin ya shimfiɗa a tebur, ya zagaye layi uku da biro.

Bayaninsa ne ya sa na fara gane jikina. Ya ce duk ƙwayoyin jini a ɓargon ƙashi ake haifarsu, shi kuwa maganin daji duk abin da ke saurin hayayyafa yake bugu, bai san ciwo ba bai san ɓargo ba. Mai lafiya na da fararen ƙwayoyi 4,000 zuwa 10,000 a ma'aunin da suke amfani da shi. Nawa 900 ne. Cikinsu akwai nitrofil, masu tare ƙwayoyin bakteriya. In sun gaza 500 an shiga haɗari sosai, nawa kuwa 400. Wannan aikin shimiyo ne. Sai lanfosit, waɗanda ke yaƙar bairus. Su ma magani na rage su, sannan korona da mura mai tsanani su ƙara kwashe su daga jini. Ya kamata su haura 1,000, sun tsaya a 300.

"Malama, ta ƙofa biyu aka shigo miki," ya ce.

Layi na uku plaket ne, masu tsayar da zubar jini. Daga 150,000 ake lissafin lafiya, ni ina da 80,000. A nan na gane dalilin jinin da nake gani a asuwakina kowace safiya, wanda na ɗauka bushewar hunturu ce.

Na tambaye shi me ya sa za a ɗaura min antibiyotik ta jijiya alhali bairus ne. Ya ce maganin bai taɓa korona ko kaɗan, amma jikin da ba nitrofil, ƙwayar da ke zaune cikin hanjinsa ko bakinsa ma na iya faɗawa jini ta kashe mutum cikin sa'o'i. Ba a jiran tabbaci.

Kwana takwas na yi a ɗakin keɓewa. Abin da ya fi tarin ciwo shi ne Inna da ta taso daga Mirriya da kwanon fura, aka tsayar da ita a waje. Ta taga nake hango ta, tana zaune kan tabarma cikin ƙura tana jan carbi. Furar ma aka mayar, don a lokacin an hana ni nonon da ba a dafa ba.

Kowace safiya a ɗebi jini, kowace yamma in karɓi takarda in nemi layukan nan da yatsa. Nitrofil suka fara ɗagowa, 700, sai 1,200. Lanfosit suka yi nawa, sai da tari ya lafa suka motsa. Aka ɗage shimiyo na huɗu har nitrofil su wuce 1,500, ni kuma tsoro ya koma wani wuri: kada ƙullun dajin da ya fara raguwa ya samu sarari ya dawo.

Ranar da aka sallame ni, na tarar da tsakar gidanmu cike da 'yan dubiya, Malam na tsaye a bakin zaure ya rasa yadda zai yi da su. Abin da ya faɗa wa yayarsa a ranar, da gabar da ta biyo baya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.